Safar da Aka Saƙa wa Mohira

Ranar Litinin Mohira ba ta zo asibiti ba. Shekara shida suna aiki tare, Torunn Vikse tana karɓar haihuwa, Mohira tana riƙe mata almakashi tana lallashin masu naƙuda da yaren garin, kuma ba ta taɓa makara ba ko ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya. Wajen ƙarfe goma wata maƙwabciyar Mohira ta shigo da ƙaryar ciwon ciki, ta jira aka ja labule, sannan ta faɗa ƙasa-ƙasa: maza biyu ne suka ɗauke Mohira a tashar bas, a farar mota marar lamba. 'Yarta Nigina mai shekara bakwai tana hannun dangin miji.

Torunn ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta haura tudu zuwa gidan Oddvar, shugaban tawagarsu ta masu bishara, tana tafe tana haki, zuciyarta tana tafasa.

Dokar ƙasar a fili take. Baƙo ya zo ya haƙa rijiya, ya cire haƙori, ya karɓi haihuwa, ana maraba da shi. Ya buɗe baki da bishara, ya yi laifi. Ɗan ƙasar da ya bi shi kuwa nasa laifin ya fi girma, don in mace ce, kotu tana iya cewa ba ta cancanci riƙon 'ya'yanta ba. Mohira ta san haka ranar da ta shiga kogi aka yi mata baftisma bara, daga ita sai baƙi huɗun da ke tawagar. Shi ya sa ba a rubuta sunanta ko'ina. A wasiƙun da ake aika wa masu addu'a a Norway, ƙasar sunanta Gidan Kawu, Mohira kuma sunanta Kurciya.

Borghild matar Oddvar ce ta buɗe ƙofa. Tana ganin fuskar Torunn sai ta miƙo tukunya. Torunn ta jefa wayarta ciki a kan sauran ukun, da ƙarfin da murfin ya yi tsalle. Borghild ta kai tukunyar kicin, ta ajiye kusa da rediyo, ta ƙara masa murya. Haka suke yi kafin kowace magana mai nauyi, har kafin addu'a.

Oddvar yana zaune da taswirar bututun ruwa a gabansa. Tuomo, likitan haƙori ɗan Finland wanda ke iya wuni da kalma biyar, yana gefen murhu yana ɗumama hannu.

"Ka ji daɗi yanzu?" Torunn ta ce. "Sun ɗauke ta."

"Mun ji," in ji Oddvar. "Zauna ki sha kofi."

"Ka sha kofinka! Sau nawa na gaya maka, Oddvar? Wasiƙar nan taka ta watan jiya, da hoton kogi, da wani wai 'Kurciya ta sha ruwa'. Kana tsammanin mutanen nan jakuna ne? Kogi nawa ne a garin nan? Mata nawa ke aiki da mu?"

"Babu fuskar kowa a hoton," in ji Borghild.

"Ke kuma ki yi shiru, ke kike gyara masa rubutun. Ni na san abin da yake so. So yake tsofaffi su karanta a coci su yi hawaye, su ce kai, Oddvar namu yana aiki. Shekara goma sha tara yana haƙa ramuka, ya samu rai guda ɗaya, wanda ba ma shi ya samo ba, sai ya buga ganga!"

Fuskar Borghild ta yi ja har wuya. Oddvar dai ya naɗe taswirarsa a hankali, kamar ba da shi ake ba, kuma wannan haƙurin nasa shi ya fi komai ƙona wa Torunn rai. Mutum ka zage shi ya rama, ka san da wanda kake faɗa.

"Ba mu san ta inda aka ji ba tukuna," ya ce. "Amma ƙa'idarmu tana nan. Babu mai zuwa gidanta, babu mai zuwa ofishin tsaro sai an kira shi. Duk wanda ya je nemanta, ya sa hannu ke nan a takardar tuhumarta."

"Wato mu zauna mu naɗe hannu."

"Mu zauna mu yi addu'a."

"Da leɓe kawai ba murya, ko? Yadda muke waƙa kamar kifi a ruwa?"

Tuomo ya ɗago kai. "Ni dai waƙar leɓen nan ta taimake ni," ya ce. "Na ji muryarki sau ɗaya a mota."

Babu wanda ya yi dariya. Torunn ta shiga kicin, ta zaro wayarta daga tukunya, ta fita ta bar musu ƙofa a buɗe sanyi yana shiga.

Washegari aka kira Oddvar ofishin tsaro. Ya yi awa huɗu a ciki. Da ya fito, gidan Torunn ya nufa kai tsaye, ya ƙwanƙwasa. Ta hango shi ta taga, hularsa a hannu, dusar ƙanƙara tana sauka a sanƙonsa, ta ce a ranta haƙuri ya zo bayarwa, ya riƙe abinsa. Ta ƙi buɗewa. Ya dawo da la'asar, ya dawo ranar Laraba da safe. A na ukun ya ɗaga murya ta bayan ƙofa.

"Torunn, gobe ƙarfe tara za su kira ki. Akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki shiga, kuma ba zan iya faɗa a bakin titi ba."

"Ka rubuta a wasiƙa," ta ce. "Ai ka iya."

Laraba ranar waina ce a tawagar. Tun zuwansu Borghild take toya irin ta gida mai siffar zuciya, su taru su ci da ɗan guntun cuku mai ruwan ƙasa da ake yankawa siriri kamar takarda don ya kai su bazara. Ko an yi faɗa, ranar Laraba ana zama. Torunn ba ta je ba. Da rana ta tarar da faranti a rufe a bakin ƙofarta, da cukun da ya fi rabonta. Ta juye wa karen maƙwabta, ta tsaya tana kallonsa har ya lashe farantin. Da ta koma ciki kuma yunwa ta dame ta, ta ci busasshiyar gurasa tana tsaki.

Ba fushin kaɗai ke cinta ba. Duk inda ta juya Nigina take gani, yarinyar da ita ta karɓi haihuwarta a shekararta ta farko a garin, wadda ke zuwa asibiti bayan makaranta ta zauna tana naɗe bandeji tana kiranta Inna. Kakar yarinyar ta daɗe tana neman hanyar ƙwace ta tun da uban ya tafi leburanci ƙasar waje. Yanzu an ba ta hanya a faranti.

Ranar Alhamis Tuomo ya zo da mota, Oddvar da Borghild a baya. Torunn ta wuce su ta tafi da ƙafa. Motar ta bi ta a hankali har ƙofar ofishin, kamar masu rakiyar gawa.

Jami'in da ya karɓe ta sunansa Manjo Safarov, mutum mai ladabi da gajiya a ido. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa biyu. Ya zuba mata shayi da hannunsa, ya tambayi lafiyarta, sannan ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya ajiye a tsakaninsu.

"Kwastan suka buɗe shi makon jiya, Likita. Adireshin asibitinku ne a jiki."

Ya zaro safa. Ta ulu ce, ruwan toka, da jan layi biyu a wuya, an ninka saƙar diddige sau biyu don kada ta yi saurin hujewa.

Irin wannan safar ce a ƙafar Torunn a lokacin. Da irinta ta tafi makaranta, irinta ke cikin akwatinta duk inda ta je a duniya. Mutum ɗaya ke ninka diddige haka.

Manjo ya turo mata kati. Rubutun mahaifiyarta ne, Aslaug, mai shekara tamanin da shida, da Turancin da aka tsinto kalma-kalma daga ƙamus. Zuwa ga Mohira, sabuwar 'yar'uwarmu cikin Almasihu, muna murna da baftismarki, muna ambaton sunanki kowace Talata. A ƙasa mata goma sha ɗaya na zumuntar mata sun sa hannu, kowacce da sunanta cikakke, wata har da zanen fure.

Sai ta tuna. Hutun bara ne, a kicin ɗin mahaifiyarta, ruwan sama yana dukan taga. Tsohuwar ta buɗe ɗan littafin addu'arta da alƙalami a hannu ta ce, "Ni fa ba zan je gaban Ubangiji da sunan tsuntsu ba. Kurciya sunan mutum ne? Shekara sittin ina yi wa masu bishara addu'a, kowa da sunansa." Torunn ta ƙi, ta ƙi, tsohuwar ta ɓata rai ta ce ashe har uwar da ta haife ta ba ta yarda da ita ba. Sai ta sunkuya ta raɗa mata a kunne, sau ɗaya tak. Gaskiyar da ba ta son tunawa ita ce daɗi ta ji da ta faɗa. Shekarunta a ƙasar nan ba su tafi a banza ba, kuma tana so wani ya sani.

Magana zarar bunu ce. Ga bunun nan ya zagayo duniya ya sauka a teburin Manjo.

"Shugabanku ya ga katin shekaranjiya," in ji Manjo. "Ya ce bai san rubutun ba. Awa huɗu yana cewa bai sani ba. Amma sunan farko a jerin, Vikse ne."

Ya danna ƙararrawa. Aka shigo da Mohira. Ɗankwalinta ya karkace, leɓenta ya bushe, ta tsaya jikin bango tana kallon ƙasa. Torunn ta danne hannuwanta a ƙarƙashin tebur don kada su miƙa kansu.

"To, Likita. Gaskiya ne abin da katin ya ce?"

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma Torunn ta gan ta sarai, ta ga kuma ƙazantar da ke cikinta.

"Ƙarya ne," ta ce. "Ni na ƙirƙira."

"Kika ƙirƙira?"

"Kun san yadda ake yi. Mutum ya koma gida hutu, tsofaffi su zagaye shi, me ka yi, wa ka samo? Shekara bakwai ba ni da ko mutum ɗaya. Kunya ta kama ni. Sai na ɗauki sunan ma'aikaciyata na shirya labari don a yaba mini. Uwata ta tsufa, kanta ya fara juyewa, duk abin da aka gaya mata sai ta hau." Ta juya ta dubi Mohira, ta sa wa muryarta raini. "Wannan? Wannan ko wanke almakashi sai na tsaya a kanta. Me ta sani game da addinina? Na yi mata magana sau biyu, ta ce in rabu da ita."

Manjo ya dubi Mohira. "Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," Mohira ta ce, idonta a ƙasa. "Ta dame ni. Don albashi kawai nake haƙuri da ita."

"To ga kyautarki. Ki yi abin da kika ga dama da ita."

Mohira ta matso ta ɗauki safar. Ta nufi murhun ƙarfen da ke kusurwa, ta buɗe ƙofarsa. Kafin ta jefa, babban yatsanta ya shafa diddigen nan mai ninki biyu, sau ɗaya. Warin ulu mai ƙonewa ya cika ɗakin.

Manjo ba wawa ba ne, kuma Torunn ta san bai yarda da ko kalma ɗaya ba. Amma baƙi huɗu da takardar amsa laifi sun fi ma'aikaciyar asibiti ɗaya nauyi a rahotonsa. Ya sa ta rubuta duk abin da ta faɗa da hannunta, cewa ta yi wa 'yar ƙasa wa'azi, cewa ta yi mata ƙazafi a ƙasar waje. Ya ce Mohira ta tafi ta ɗauki 'yarta, kada a sake ganinta kusa da baƙo. Su kuwa an soke takardar zamansu su duka, suna da kwana uku.

Mohira ta wuce ta gefen kujerar Torunn ba ta waiwayo ba. Ganin ƙarshe ke nan.

Motar tana nan inda ta bar ta. Torunn ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ja ta da ƙarfi. Babu tukunya, babu rediyo, ba ta damu ba.

"An sake ta. Mu kuma kwana uku." Ta juya kan Oddvar. "Ka sani tun Talata! Ka sani ka bar ni ina zaginka a raina kwana biyu!"

"Sau uku na buga ƙofarki."

"Da ka ɓalle ta mana! Kai wane irin mutum ne? Ba ka da zuciya ne? Ka zage ni, Oddvar, don girman Allah ka zage ni!"

"Shi ba zai iya ba," in ji Borghild. "Ni zan iya."

Torunn ba ta taɓa jin wannan muryar daga bakin Borghild ba.

"Shekara goma sha tara, Torunn. Ƙauye uku suka rage ruwa ya kai, bututun suna jibge a tsakar gidanmu. A garin nan na yi ɓari biyu, ke kika riƙe mini hannu a na biyun. Itacen da na dasa, bana zai fara 'ya'ya. Kin tsaya a ɗakina kin ce mijina mai neman yabo ne, a gabana, kin ce in yi shiru. Laifi tudu ne, kin take naki kina hango na wani. Sannan kika ba kare wainata! Ina tsaye a kan kwana ina kallonki. Da cukun! Rabon Oddvar ne na ƙara miki, shashasha kawai!"

Ta fashe da kuka, tana kukan tana lalube a jakarta. Ta zaro wani ƙunshi ta dangwara wa Torunn a cinya.

"Ci. Na san ba ki karya ba."

Waina ce, ta yi sanyi. Torunn ta ci tana hawaye, tana jin haushin kanta, da na Borghild, da na wainar da ta yi daɗi. Oddvar ya zuba mata kofi daga fulas.

"Hoton kogin ma kuskure ne," ya ce. "Ba shi ya jawo ba, amma da ya iya."

Tuomo ya tayar da mota. Sun yi nisa kaɗan sai ya fara waƙar yabon da suka saba yi da leɓe, wannan karon da murya, tunda babu sauran abin da za a ƙwace musu. Muryarsa ta fi ta Torunn muni nesa ba kusa ba. Suka kama masa a haka har gida.

Jirgi uku suka hau kafin su isa Norway, kuma duk tsawon hanyar Torunn tana shirya abin da za ta gaya wa mahaifiyarta. Ta jera shi tsaf, daga kwalin zuwa murhu. Oddvar ya ari motar ƙaninsa, shi da Borghild suka kai ta ƙauyen mahaifiyarta a bakin teku, ana yayyafi. Da suka tsaya a ƙofar farin gidan katako, ya ce za su jira a mota.

"Ku shigo," ta ce. "In na fara, ku riƙe ni."

Aslaug tana kujerarta kusa da taga, tsinkayen saƙa suna motsi a hannunta. Ta ƙara ƙanƙancewa. Ganin 'yarta ta saki murmushi har kunne.

"Ikon Allah! Ba ku ce za ku zo ba. Borghild, ɗora kofi, kin san inda yake. Torunn, zo nan, gaya mini, safar ta isa? Ta yi mata daidai? Mun yi ta gardama da Gunvor ta zumuntarmu a kan girman ƙafarta." Ta ɗaga abin da take saƙawa, ruwan toka da jan layi biyu, ƙarama ƙwarai. "Ga ta 'yar na fara. Shekararta bakwai, ko? Gobe Talata, kowa zai sa hannu a katin."

Duk jawabin da Torunn ta shirya ya watse. Wa za ta yi wa ihu? Matar da ta yi mako uku tana ninka diddige da yatsu masu ciwon sanyi? Ta ji hannun Borghild a bayanta.

Ta durƙusa, ta zare tsinkayen daga hannun tsohuwar ta ajiye a kan taga.

"Mama, ba ni littafin addu'arki."

Aslaug ta miƙo shi tana kallonta da mamaki. Torunn ta buɗe shafin Talata. Ga sunan nan, an ja masa layi biyu a ƙasa. Ta ɗauki alƙalami ta murje shi, ta yi ta murzawa har takardar ta huje.

"Ke! Me kike yi haka? In na zo wurin a addu'a, wane suna zan faɗa wa Ubangiji?"

Torunn ta rufe littafin ta mayar mata a cinya, ta riƙe hannuwanta biyu.

"Ki ce masa matar da ni da ke muka kusa raba ta da 'yarta," ta ce. "Zai gane ta."